Babban Yatsan Dogo

Tun ranar da sabuwar Dokar Sa-ido ta fara aiki, ba a sake mayar da ko mutum ɗaya kurkuku bisa son zuciyar wani ma'aikaci ba. Darakta ne ya faɗi haka ranar da aka buɗe ofishin. Aka tafa, aka buga maganar da manyan baƙaƙe, aka sa ta a gilashi aka rataye a ɗakin jira, daidai saman benci, inda duk wanda ya gaji da kallon ƙasa zai ɗaga kai ya karanta. Kuma gaskiya ce.

Dokar ta ce wanda ya yi wani ɓangare na hukuncinsa cikin ladabi a sake shi ya ƙarasa sauran a cikin jama'a, ya ci abincin gidansu, gwamnati ta huta da ciyar da shi. Sharaɗi biyu ne kacal. Na farko ya riƙe aikin da ofis ya ba shi, mai wurin aikin ya riƙa sa masa hannu a takarda duk mako. Na biyu, Litinin ta farko a kowane wata ya zo ya ɗora babban yatsa a kan na'ura. Babu rajista, babu biro, babu Oga ya fita ka dawo gobe. Wanda na'ura ta nema sau uku a jere ba ta gan shi ba, ita da kanta take sanar da kotu, kotu ta aiko a ɗauke shi ya koma ya cike kwanakinsa cif, ba a rage masa ko wuni ɗaya daga waɗanda ya yi a waje. Ba mai iya sa baki, ko da Darakta ne.

Baba Masinja yana cikin waɗanda suka yi wa dokar murna tun kafin ta shafi gidansa. Shekara talatin da biyar ya yi yana ɗaukar fayil daga bene zuwa bene a wata ma'aikata, har ya yi ritaya sunan aikin ya liƙe masa. Ya san abin da hannun ɗan Adam yake yi wa takarda. Ya ga fayil ɗin wata baiwar Allah da mijinta ya mutu ya shekara a ƙarƙashin butar shayin akawu, ya ga na wani mai uwa a gindin murhu ya haye hawa uku cikin wuni guda kamar an dasa masa fiffike. Saboda haka da ya ji a rediyo cewa ƙarfe ne zai riƙa duba mutane, sai ya ce wa maƙwabtansa gara haka. Ƙarfe ba ya shan shayi, kuma ba shi da suruki.

Dogo shi ne ɗansa namiji tilo, kwandastan mota, mai tsawo kamar falwaya da gajeriyar zuciya. Wata rana a tasha wani fasinja ya zagi uwarsa, wadda ta shekara shida a kabari, shi kuma ya ɗauki benci ya sauke a haƙarƙarin mutumin. Ƙashi uku ya karye. Alƙali ya ba shi shekara biyu. Baba bai taɓa cewa an zalunce shi ba. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, don haka da aka ce bayan wata goma za a iya sakinsa ya yi sauran goma sha huɗun a waje, Baba ne ya je ya tsaya masa, ya sa hannu da irin sa hannun nan mai lanƙwasa da ya koya wajen kallon manya.

Ranar fita, a wani ƙaramin ɗaki kusa da ƙofar kurkukun, aka ɗauki hoton yatsun Dogo goma. Wata goma bai ɗaga abin da ya fi kwanon abinci nauyi ba, hannun ya yi laushi kamar na akawu. Har gandiroban da ya danna masa yatsun ya yaba, ya ce bai taɓa ganin zane ya fito raɗau haka ba.

Ofishin ne da kansa ya zaɓa masa aiki, a ƙarƙashin wani shiri mai dogon suna, a wani wurin buga bulo da ke bakin gari. Kwaɓa yashi da siminti, ɗura wa inji, kwashe ɗanyen bulo a kan katako, ban ruwa, sannan lodin busasshe a bayan mota. Dogo ya kama aikin da zuciya ɗaya, domin mai ɗaukar bulo ba shi da sauran ƙarfin ɗaukar benci. Sai dai duk leburan da ya taɓa mako guda a wurin ya san abin da masu dogon suna ba su sani ba: busasshen bulo yana cin fata, ɗanyen siminti ya bi sawu ya ƙone abin da ya rage. Safar hannu kwana biyu take yi ta huje, in ruwan siminti ya shige ta kuma gara babu.

Masu zuwa ɗora yatsa sun sa wa na'urar suna Gwaggo, saboda tana zaune a kusurwa ba ta aikin komai, kuma sai ta ga dama take gane ɗan'uwanta. Wata na farko da na biyu Gwaggo ta gane Dogo nan take, ta kunna koriyar wuta. Wata na uku sai da ya danna sau bakwai. Wata na huɗu ta kunna ja ta tsaya a kai. Ya dawo gida yana ba da labarin da dariya, wai Gwaggo ta yi fushi don bai kai mata tsaraba ba. Matarsa ta yi dariya. Baba bai yi ba. Ya ce ya miƙo hannu, ya juya shi a hasken ƙofa, ya ga kan yatsun sun yi sumul suna sheƙi kamar gindin kwalba.

Wata na biyar Baba ya sa rigarsa ta zuwa ofis, ya soke biro a aljihun gaba, ya bi shi.

Ɗakin jiran cike yake, kuma kowa a layin likita ne. Wani ya ce ya goga yatsan a goshi ya ɗauki maiƙo, wani ya ce ya hura masa iska, wani tsohon ɗan dambe ya ce shi tofa yawu yake yi kuma bai taɓa faɗuwa ba. Dogo ya bi shawarar kowa. Ya ɗora na dama, ya ɗora na hagu, ya bi sauran takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya har ƙaramin, Gwaggo tana yi masa jan ido tana cewa cikin muryar mace mai ladabi a sake gwadawa. Da ƙarfe goma sha biyu ta buga, Gwaggo ta rufe kanta, ta rubuta cewa bai zo ba.

Jami'ar sa-ido tana zaune a tebur taku uku daga na'urar. Mace ce mai kimanin shekara hamsin, da tabarau rataye a igiya. A tsohon tsari shekara ashirin ta yi tana bin gidajen mutane, ta san wanda matarsa ta yi yaji da wanda ya koma shaye-shaye. Sabon tsari ya ɗauke mata wannan wahala. Aikinta yanzu ta goge gilashin Gwaggo da tsumma ta ce a bi layi. Ita ce da safen ta gaida Dogo, har ta tambaye shi tarin 'yarsa.

Baba ya tsaya a gaban teburin, ya haɗa hannu a baya yadda ya saba tsayawa gaban manya.

"Malama, wannan da ke tsaye gabanki wane ne?"

"Dogo ne, Baba."

"Ya zo, ko bai zo ba?"

"Ya zo."

"To rubuta."

Ta jawo wani littafin makaranta daga aljihun tebur ta nuna masa. Ta rubuta, har da na watan jiya, har da lokaci. "Amma littafin nawa ne, Baba, ba na doka ba. Doka ta karɓe mini biro tun bara."

Baba bai yi shekara talatin da biyar a ma'aikata a banza ba. Ya san kowane gini yana da ƙofar baya, kowace doka tana da sakin layi na ƙasa. Ya tambaye ta ina nasu yake. Ta ce akwai takardar da aka tanada domin marasa yatsu, amma sai likitan gwamnati ya shaida cewa an yanke su, shi kuwa Dogo ko makaho ya ƙirga zai samu goma. Ya ce to a canza masa aiki. Ta ce ana canzawa cikin mako shida, sai dai mai nema ne yake buɗe buƙatar da kansa, da babban yatsansa, a jikin Gwaggo. Ya ce to a sake ɗaukar hoton yatsun yadda suke yanzu. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu, ta ce wuri ɗaya ake ɗaukar hoton, a ɗakin nan na bakin ƙofar kurkuku, ranar da mutum zai fita.

"Wato sai ya shiga kafin ya fita."

"Haka tsarin yake."

Abin da Baba ya faɗa bayan wannan, mutanen layin sun daɗe suna maimaitawa. Ya ce su ne suka ɗauki hannun yaro lokacin da yake zaman banza suka ce wannan shi ne shi, su ne suka tura shi inda za a kankare hannun, yanzu kuma su ne za su ɗaure shi don hannun ya kankaru. Ya ce ashe a wurin gwamnati ɗan fursuna ne kawai mutum, lebura ba kowa ba ne. Ya ce ya yi aiki da ɓarayin akawu, amma ko mafi lalacewa a cikinsu bai taɓa kallon mutum tsaye ya rubuta babu shi ba, sai dai in an biya shi, wannan na'ura kuwa kyauta take yi. Muryarsa ta hau har mai gadi ya taso. Dogo, wanda ya karya haƙarƙari uku saboda kalma ɗaya, shi ne ya kama hannun ubansa yana cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri, mutane na kallo.

A hawa na sama sakatariya ta ce Darakta yana taro. Baba bai ko zauna ba. Ya san taron da ake yi da ƙofa a kulle da ƙamshin abinci. Ya bi baranda har ya hango wani mai furfura da fayil a hammata yana tafiya a gefen bango, irin tafiyar da ba a koya wa kowa sai masinja. Suka gaisa, suka tambayi juna ciwon gwiwa, aka gane juna. Minti biyu bai cika ba Baba ya san cewa Darakta yana sauka da ƙarfe biyu ta matakalar baya, kuma baƙar motar da ke ƙarƙashin rumfa ita ce tasa.

Darakta bai kai hamsin ba, kuma mutum ne mai tarbiyya, abin da ya ƙara wa Baba takaici. Bai daka musu tsawa ba. Ya saurara da ƙafa ɗaya a cikin mota, ya leƙa tafin hannun Dogo daga nesa yana gyaɗa kai kamar mai duba kayan da ba zai saya ba.

"Baba, abin da kake roƙo in yi shi ne ainihin abin da muka zo kashewa. Yau in sa baki saboda kai dattijo ne abin tausayi, gobe wani ya sa baki saboda an cika masa aljihu. Na'ura ba ta san ɗan kowa ba. Wannan shi ne adalcinta."

"Ranka ya daɗe, ban ce ka tausaya mini ba. Cewa na yi ka duba. Kana da ido."

Darakta ya ce ya duba, kuma ya ji daɗi da aka kawo masa wannan, domin irin waɗannan bayanai ne suke inganta tsari. Za a sa shi a rahoton da kwamiti zai zauna a kai ƙarshen shekara. Ya ƙara da cewa masu irin wannan matsala ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Baba ya ce shi ɗaya yake da shi a cikin ɗarin. Darakta ya yi murmushin da ake yi wa tsoho in ya faɗi magana mai ma'ana, ya shigar da ɗaya ƙafar, direba ya ja.

Suna tsaye cikin rana sai ga jami'ar ta fito da jakarta za ta tafi gida. Ba ta tsaya ba, ba ta kalle su ba. Da ta zo daidai su ta rage tafiya tana neman wani abu a jaka, ta ce ita dai ta ji an ce fatar yatsa tana tsirowa cikin mako uku zuwa huɗu in an bar ta ta huta. Ta kuma ji an ce takardar wurin aiki sa hannu kawai ake dubawa. Ta ce ba ta ce komai ba, ta wuce.

Washegari Baba ya je wurin bulo shi kaɗai. Mai wurin wani ƙaƙƙarfan mutum ne da tsinke a baki, wanda leburori ke kira Oga. Ya saurari bayanin yana kallon wata mota da ake yi wa lodi.

"Ni ba na sa wa fuska hannu, Baba. Bulo nake sa wa hannu. In rabon Dogo ya fita kullum, ko aljani ne ya buga, zan sa."

Baba ya yi tunanin ɗauko wani lebura, ya ga wanda ya yi aikin shi zai ci ladan, gidan Dogo kuwa da ladan nan yake ɗora tukunya. Ga shi kuma bakin bare ba shi da ƙofa. Ya tambayi Oga ƙarfe nawa ake farawa. Oga ya cire tsinken daga baki, ya dube shi tun daga furfura har takalmi, ya ce bakwai.

Da yamma aka yi ta a tsakar gida. Dogo ya ce sai dai ya koma, wallahi sai dai ya koma, da a ce yana zaune ubansa mai shekara sittin da takwas yana ɗaukar bulo. Matarsa tana bakin murhu ta juya musu baya, tana jin komai. Baba ya bar shi ya gama, har ya fara maimaita kansa.

"Ka koma ka bar mini mace da yarinya? Wannan ma lodi ne, kuma na wata goma sha huɗu. Na zaɓi na wata ɗaya. Tsalle ɗaya ka yi ka faɗa rijiya, yanzu ka zauna a ciro ka, kada ka koya wa mai igiya aiki."

Haka watan ya fara. Kwanakin farko leburori suka yi ta tsokanarsa, suna kiransa sabon ɗan makaranta, suna tambaya ko ya zo da takardar shaidar haihuwa. Ya ce musu lokacin da ya fara ɗaukar kaya iyayensu ba su san juna ba. Amma fayil ba bulo ba ne. Rana ta uku bayansa ya ƙi miƙewa, ya yi sallah a zaune. Rana ta biyar tafin hannunsa ya tsage wuri huɗu, siminti ya shiga tsagar yana ci kamar an zuba barkono. Daga mako na biyu tsokanar ta ragu. Ya lura in mota ta zo lodi sai a tura shi ban ruwa, kuma layin bulonsa yana ƙaruwa da yamma fiye da abin da ya san ya kwashe. Bai yi godiya ba, su ma ba su nuna sun san da maganar ba.

Dogo kuwa yana ɗaki, tunda a takarda yana wurin aiki. Matarsa ta hana shi ɗaukar bokiti, ta hana shi ko wanke kofi. Safe da yamma ta shafe masa yatsu da mai, ya zauna da hannuwa a kan gwiwa, tafin yana kallon sama kamar mai bara. Unguwa ba ta ɓoyuwa. Wata rana wata maƙwabciya ta ɗaga murya ta bayan katanga, tana ba wata labarin zamanin da ya zo, ƙato na kwance a inuwa tsoho na lodi. Dogo ya miƙe tsaye. Matarsa ta tare bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ya daɗe yana huci, sannan ya koma ya zauna. Da Baba ya ji labarin ya ce ai da alƙali ya san da wannan hukuncin da bai wahalar da gandirobobi ba.

Cikin mako na biyu ne saƙo ya shigo wayar Baba, yana zaune a inuwar tifar yashi lokacin hutun rana. Hukumar fansho ce take sanar da tsofaffin ma'aikata cewa tantancewar bana za a yi ta ranar Laraba ta farkon wata mai zuwa. Bisa sabon tsari, domin kawar da 'yan fanshon bogi, ba a bukatar takarda ko shaida. Kowa ya zo da babban yatsansa. Wanda ba a tantance ba za a dakatar da sunansa har zagaye na gaba.

Ya karanta sau biyu, ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya juya yatsan a rana. Ya riga ya fara sheƙi. Washegari ya yanko robar tayar keke ya naɗe shi tam. Bulo na huɗu ya sulluɓe daga hannunsa ya fashe a ƙasa, na tara ma haka, ya kusa sauka a ƙafar wani. Oga ya tsaya yana kallon ɓaraguzan yana juya tsinke. Baba ya warware robar ya jefa a kan tulin yashi. Bai gaya wa kowa a gida ba.

Litinin ta farko ta zo. Dogo ya tsaya gaban Gwaggo yana zufa kamar wanda ya yi gudu, Baba yana bayansa da hannuwa a aljihu. Jami'ar ta taso ta goge gilashin sau biyu, abin da ba ta yi wa kowa. Ya ɗora yatsan. Wutar ta yi kore tun bai gama dannawa ba, muryar macen nan ta ce an tantance, an gode da bin doka. Tsohon ɗan damben ya ce ai ya faɗa musu, yawu ne. Jami'ar ta ce wa Dogo kada ya ɗaga hannun, ta danna wasu wurare da sauri, buƙatar canjin aiki ta buɗe. Ta ce mako shida ne, in Allah ya so ba zai kai ja na uku ba. Sannan ta dubi aljihun rigar Baba, ta dubi fuskarsa, ta koma teburinta ta ce na gaba.

A hanya Dogo ya yi ta surutu kamar yaro. Ya ce gobe zai koma bakin aikinsa, Baba ya kwanta ya huta, kada ya ƙara ɗaga ko buta. Baba ya ce to.

Ranar Laraba ya sa rigar zuwa ofis, ya ce wa surukarsa zai je duba wani tsohon abokin aikinsa da ba shi da lafiya. A harabar hukumar fansho an kafa rumfa, tsofaffi sun cika benci, wasu da sanda, wani an kawo shi a kujerar guragu. Ya tarar da mutum uku da suka yi aiki tare, suka yi hirar waɗanda suka mutu. Wajen ƙarfe ɗaya layi ya zo kansa. Wata matashiyar ma'aikaciya ce a tebur, ta ce sannu Baba, ɗora nan. Ya ɗora. Ta ce ya ƙara dannawa. Ta ce ya kawo na hagu. Ta kama hannun da kanta za ta gyara masa, ta ga tsagar da ke tafin, ta sassauta riƙon.

"Baba, ba ta gan ka ba. Ka yi haƙuri, ba ni da yadda zan yi. Sai zagaye na gaba."

Ya tambaye ta yaushe ne. Ta ce ba a sa rana ba tukuna, za a turo saƙo. Tana jira ya yi faɗa, domin tun safe faɗa ake yi mata. Ya ce Allah ya yi mata albarka, ya mayar da hannun aljihu, ya ba na bayansa wuri.

Bai hau mota ba, ya taka a ƙafa a hankali, yana bin gefen bango. Da ya isa gida Dogo bai dawo daga aiki ba. Surukarsa tana shanya, jikarsa tana barci a tabarma. Ta yi masa sannu da zuwa, ta tambaye shi mai jiki.

"Da sauƙi," in ji Baba. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakinsa, ya ce in akwai ruwan ɗumi ta ɗan zubo masa a kwano, da gishiri kaɗan.